Agogo da Shaidu: Nazari kan Shirye-shiryen Kafa Tarihin Bajinta na Duniya

Shirin talabijin na masu ƙoƙarin kafa tarihin bajinta ya girmi yawancin masu kallonsa a yau. A 1972 BBC ta fara Record Breakers, shirin yara wanda Roy Castle yake gabatarwa, tagwaye Norris da Ross McWhirter kuma suna zaman alƙalai, ya yi ta gudana har 2001. Tashar Fox ta Amurka ta yi nata daga 1998, Italiya kuma tana da Lo Show dei Record tun 2006. Dukansu daga tushe ɗaya suka fito, wato kundin Guinness, wanda aka fara bugawa a 1955. Asalinsa gardama ce da Sir Hugh Beaver, manajan kamfanin giyar Guinness, ya yi da abokan farautarsa a 1951 kan wane tsuntsun farauta ne ya fi sauri a Turai. Da yake sunan yakan sa wasu mutanenmu su ja da baya, ya kamata a sani cewa kundin ya bar hannun masu giya tun 2001, kuma tun 2008 mallakar rukunin kamfanonin Jim Pattison ne na Kanada.

Matashin Kontagora ba ya kallon waɗannan shirye-shirye yadda aka tsara su, awa guda cur a gaban akwati. Guntu-guntu suke iso masa ta waya, a Facebook da TikTok da YouTube, a teburin mai shayi ko a shagon cajin waya, mutum uku ko huɗu sun haɗa kai a kan allo ɗaya. Wannan bai rage wa shirin komai ba, don dama a kan minti ɗaya aka gina shi. Ga mai gwaji, ga agogo yana tafiya, ga alƙali cikin kwat riƙe da takarda ba ya murmushi. Ko ba ka jin yaren Italiya ka san abin da ake jira. Shi ya sa masu talabijin suka fi son bajintar da za ta ƙare kafin a tafi talla: kwakwa nawa mutum zai fasa da hannu a minti ɗaya, mota mai nauyin nawa zai ja da haƙori.

Da abin ya shigo Nijeriya da ƙarfinsa, sai ya ɗauki wata hanya dabam. Ranar 11 ga Mayu 2023 Hilda Baci ta ɗora tukunya a Lekki da ke Legas, ba ta sauke ba sai ranar 15. Awa 100 ta yi, tana neman shafe tarihin Lata Tondon ta Indiya, wadda ta yi awa 87 da minti 45 a 2019. Babu tashar da za ta ba shiri ɗaya kwana huɗu. Intanet ce ta ɗauki nauyin nunawa kai tsaye, jama'a suna leƙowa suna tafiya. Cikin 'yan watanni kundin ya ce ya karɓi buƙatu kimanin 1,500 daga Nijeriya. Aka yi ta gasar daɗewa: daɗewa ana waƙa, daɗewa ana tausa, har da wanda ya ce zai yi kwana bakwai yana kuka, idanunsa suka kumbura. Dalilin zaɓen daɗewa a fili yake. Tsere da ɗaga nauyi suna buƙatar horon shekaru da kayan aiki. Daɗewa kuwa kowa yana ganin yana da jarinta, tunda juriya ce, kuma ɗan Nijeriya ya yarda cewa a fagen juriya ba a kai shi.

A nan ne masu kallo da yawa suka yi wa abin gurguwar fahimta. Abin da kundin yake aunawa a irin wannan gasa shi ne hujja, juriyar tana biye ne. Ƙa'idarsa ita ce duk awa ɗaya da aka yi ba tsayawa, mai gwaji ya samu hutun minti biyar, yana iya tara su ya yi barci ko ya kewaya. Dole a ɗauki bidiyon komai daga farko zuwa ƙarshe, da agogo a bayyane, da shaidu masu zaman kansu da ke karɓa-karɓa suna rubuta lokacin kowane hutu. Hilda ta zarce lokacin hutunta da 'yan mintoci sau ɗaya tun a farkon gasar, sai aka zabge mata kusan awa bakwai, aka tabbatar mata da awa 93 da minti 11. Bai kai wata shida ba Alan Fisher, ɗan ƙasar Ayalan mai gidan abinci a Japan, ya karɓe kambun da awa 119 da minti 57.

Labarin Failatu Abdul-Razak ya fi kusa da mu, domin a Tamale aka yi shi, arewacin Ghana, garin da Hausa take yawo a kasuwa da zango. Ta fara girki ranar 1 ga Janairu 2024, ta kwashe awa 227. Gari ya tashi kaf: sarakuna da 'yan siyasa da makaɗa da matan unguwa sun je sun gani da idonsu, sun ci abincin da bakinsu. A idon mutanen Tamale magana ta ƙare, ta ninka Hilda har da ɗoriya. Bayan kamar wata biyu amsa ta zo daga kundin cewa an saɓa ƙa'idar hutu, don haka ba a karɓa ba. Haka aka yi wa Afua Asantewaa, wadda ta yi sama da awa 126 tana waƙa a Accra a Disambar 2023. Dubban shaidun gani da ido ba su yi nauyin takardar rubuta lokaci guda ɗaya ba. Ana iya jin zafin wannan, amma a ganina kundin bai yi zalunci ba. Wanda zai kwatanta girkin Tamale da na Japan bai halarci ko ɗaya ba, ba shi da abin riƙewa sai takarda.

Bahaushe ba baƙo ba ne wajen auna bajinta da lissafi. A ƙasar Katsina da Maraɗi, manomin da ke neman sarautar Sarkin Noma sai ya tara dami dubu na hatsi a damina ɗaya, a yi bikin dubu, al'adar da masanin nan na Faransa Guy Nicolas ya yi nazarinta a kwarin Maraɗi. Akwai adadi, akwai ƙirga a bainar jama'a, akwai shaidu. Bambancin shi ne shaidun maƙwabta ne, sun san gonar, sun san ko taki ne ya yi aiki ko gayya, kuma mai dubu ba ya kulle rumbu ya tafi da suna. Sai ya ciyar, ya yi kyauta, maroƙa su wasa shi, sannan sunan ya zauna. Dubu kuma iyaka ce da ake kaiwa: idan wani ya kai ta baɗi, bai ƙwace ta wanda ya kai bara ba. Kambun Guinness kuwa kujera ɗaya ce, zaman wani tashin wani. Kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, ta fi kama da shi ta wannan fuska, sai dai a can da mutum ake karawa, ana ganin bayansa ya taɓa ƙasa, ba da agogo ba.

Argungu ce ta haɗa hanyoyin biyu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, kuma sikeli ne alƙali: wanda kifinsa ya fi nauyi shi ya ci. A 2008 aka karɓe kyautar daga hannun wanda aka ba, bayan sauran masunta sun yi ƙorafi, bincike ya nuna kifin ba a ranar aka kama shi a kogin ba. Sikeli bai yi ƙarya ba, amma bai isa ba. Masu sana'ar ne suka gane, don sun san yadda kifin da aka fito da shi yanzu yake. Irin wannan sani ba ya shiga fom ɗin da ake aikawa ofishin kundin a Landan.

To, a ce wata yarinya a Kontagora ta yi niyyar gwada abin da Failatu ta gwada. Tuwo da miyar kuka ba za su gagare ta ba, hatsi ma ba ya tsada a ƙasar noma irin wannan kamar yadda yake yi a Legas. Abin da zai kayar da ita shi ne wuta. Jihar Neja, inda Kontagora take, ita ce ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma ba wanda zai jingina bidiyon kwana shida a kan wutar gwamnati. Sai janareta biyu ko sola da batura, kyamara fiye da ɗaya, wurin adana bidiyo, data mai ƙarfi, ma'aikacin jinya a kusa, da jerin shaidun da ba dangi ba waɗanda za su yarda su zauna da ƙarfe ukun dare suna duba agogo. Neman izinin gwada tarihin da dama yana cikin kundin kyauta ne, sai dai a jira makonni kafin amsa. Mai son a gaggauta masa, ko a turo alƙali ya tsaya a wurin, shi zai biya, kuma kuɗin ba na talaka ba ne.

Daga nan ne ake gane inda kasuwar ta karkata. Tunda intanet ta rage cinikin littattafan ƙididdiga, kamfanin kundin ya mai da hankali ga kamfanoni da gwamnatocin da ke son sunansu ya fita, yana taya su zaɓen tarihin da za su iya kafawa, yana tura musu alƙali. Hilda Baci da kanta ta bi wannan hanya a karo na biyu. A Satumbar 2025 ta bar gasar daɗewa ta koma ta yawa, tare da masu tumatirin Gino, ta dafa shinkafa dafa-duka mai nauyin kilo 8,780 a tukunya ɗaya a Legas. Wannan karon ba a yi dogon jira ba, cikin 'yan kwanaki kundin ya tabbatar. Tukunyar ma ta lanƙwashe lokacin da ƙugiya take ɗaga ta zuwa sikeli, aka raba abincin ga dubban mutanen da suka yi layi.