Adamu da Hauwa'u a Gidan Bahaushe Kirista: Tarihin Koyarwar Aure daga Wusasa zuwa Jigawa

Labarin halittar Adamu da Hauwa'u, kamar yadda ya zo a surori uku na farko na Littafin Farawa, shi ne tushen da Kiristocin ƙasar Hausa suka ɗora koyarwar aure a kai. Daga cikinsa fasto yake karantawa ranar ɗaurin aure, kuma can dattawan ikilisiya suke komawa idan miji da mata suka kawo ƙara. A tsakiyar Jihar Jigawa, wato Dutse da Kiyawa da Jahun da garuruwa irin su Aujara, Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Kiristocin yankin iri biyu ne. Akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga wasu jihohi, akwai kuma 'yan ƙasa, Hausawa da Warjawan wajen Birnin Kudu, waɗanda kakanninsu suke bin addinin gargajiya. Koyarwar da waɗannan na biyu suka gada ta biyo doguwar hanya kafin ta iso gare su, kuma a kowane zango akwai matsalar gida da ta sa aka fi matsa wa wata aya a kan wata.

Surorin uku ba abu ɗaya suke nanatawa ba. Sura ta 1 ta ce namiji da mace duka an halicce su cikin kamannin Allah, an sa musu albarka tare, an danƙa musu duniya tare. Sura ta 2 ta kawo labarin daki-daki: an fara yin Adamu daga ƙasa, aka sa shi noma da kiwon gonar Aidan, aka ga zamansa shi kaɗai bai dace ba, sai aka yi masa mataimakiya daga haƙarƙarinsa. A ƙarshen surar ne aka ce mutum zai rabu da iyayensa ya haɗu da matarsa su zama ɗaya. Sura ta 3 kuwa labarin faɗuwa ce, inda aka ambaci wahalar haihuwa da mulkin miji a kan mace, da gumin da namiji zai zubar kafin ya ci abinci.

Bahaushe bai jira Turawan mishan ba kafin ya san Adamu da Hauwa'u. Musulunci ya riga ya kawo labarin tun ƙarnuka da suka wuce, har sunayen suka cika gidaje, kuma batun haƙarƙari yana cikin hadisi. Ko Bamaguje da ba ya salla ya san kowa ɗan Adam ne. Saboda haka masu bishara ba su sha wahalar gabatar da labarin ba. Sabon abin da suka zo da shi shi ne mayar da labarin dokar zaman gida, wadda za a auna kowane magidanci da ita kafin a yi masa baftisma.

Littafin Farawa yana cikin sassan Littafi Mai Tsarki na farko da aka buga da Hausa. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar CMS ta cocin Ingila, wanda ya shigo Kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, shi ya fassara shi, aka buga a Landan a 1858. Hausar da ya yi aiki da ita ya ƙara gyara ta ne a bakin Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Wannan fassara ba ta sami masu karatu sosai a ƙasar Hausa ba, domin a lokacin babu ikilisiyar da za ta karanta ta. Sai a 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Likitan ayarin, Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya daga 1905. Wajen 1913 wasu daga zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka zo wurinsa, aka kafa musu ƙauye a Gimi, wanda ciwon barci ya ɗaiɗaita daga baya. A 1929 mishan ya koma Wusasa, a 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. Daga wannan shekara ne mai bishara na ƙauye ya iya buɗe Farawa da hannunsa ya karanta wa jama'a.

Tambayar farko da ta taso ita ce ta kishiya, kuma ita ta fi kowace daɗewa. An riga an yanke hukunci tun kafin a sami Bahaushe Kirista ko ɗaya a Zariya: taron bishop-bishop na Angilikan da aka yi a Lambeth a 1888 ya ce ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, ko da yake ana iya yi wa matansa. Hujjar daga Farawa aka ɗauko ta. Haƙarƙari ɗaya aka cire, mace ɗaya aka yi, kuma mutumin farko da littafin ya ce ya auri mata biyu shi ne Lamek, daga zuriyar Kayinu mai kisan kai. Aka haɗa da Matiyu sura ta 19, inda Yesu Almasihu ya koma ga labarin halitta da aka tambaye shi batun saki, da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, wadda ta shar'anta wa shugaban ikilisiya mace ɗaya.

Sababbin masu bi ba su karɓi wannan da ido rufe ba. Wanda ya ci gaba da karatu ya wuce sura ta 3 zai tarar da Ibrahim da Saratu da Hajaratu, zai tarar da Yakubu da Lai'atu da Rahila suna kishi irin wanda ya sani a gidan ubansa. Amsar da masu wa'azi suka riƙa bayarwa ita ce, Allah ya haƙura da waɗannan ne, amma abin da ya shirya tun farko shi ne na gonar Aidan, kuma rigingimun gidan Yakubu su kansu shaida ne. Amsar ta gamsar da wasu, ta bar wasu a bakin ƙofa.

Yankin da yake Jigawa a yau ya sami mishan a makare. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, don haka ta hana wa'azi a mafi yawan masarautu har cikin shekarun 1930. Aikin kuturta ne ya buɗe ƙofa. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka faro a 1893, ta karɓi asibitin kutare na Yadakunya kusa da Kano a 1937, da na Babbar Ruga a Katsina da na Amanawa a Sakkwato, ta kuma kafa tashoshi a wurare irin su Roni da Garun Gabas. Daga ikilisiyoyin SIM ne aka kafa ECWA a 1954. SIM ta fi CMS tsanani a sha'anin horo, kuma al'adarta ce ta fi shiga ƙauyukan Maguzawa, musamman daga shekarun 1970, lokacin da makarantar firamare ta kyauta ta 1976 da cuɗanya da birni suka sa Maguzawa da yawa suka bar bori da tsafi, wasu suka musulunta, wasu suka shiga coci.

A nan ne dokar mace ɗaya ta yi karo da gandu. Gidan Bamaguje gidan noma ne, kuma mace ginshiƙi ce a cikinsa. Ba ta kulle. Tana shiga gonar gandu da fartanya, tana da gayaunarta da rumbunta, tana dafa giya ranar buki ko ranar gayya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, da masu bincike da suka biyo bayansa, sun bayyana yadda arzikin gida ya rataya a kan yawan hannaye. Magidanci mai mata uku da ya ji bishara ya gaskata sai ya tarar da zaɓi biyu. Ko ya sallami biyu ya sami baftisma, ko ya riƙe su ya zama mai zuwa sujada kawai. Wanda ya zaɓi na biyu an san wurin zamansa: ranar Jibin Ubangiji yana daga baya, faranti da ƙoƙo su wuce shi, alhali wataƙila shi ya ba da filin da aka gina majami'ar, 'ya'yansa kuma su ne a ƙungiyar mawaƙa.

Wanda ya zaɓi na farko kuwa, ba shi ya biya kuɗin zaɓin ba. Matar da aka sallama ita ta koma gidan iyayenta ba tare da ta yi laifi ba, ta bar 'ya'yanta ko ta tafi da na goye, ta rasa gayaunar da ta shekara tana zuba wa taki. Wannan shi ne wuri mafi ciwo a tarihin, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake: ayar da aka karanta don a hana raba aure, da ita aka raba aurarraki. Cocin Angilikan ya sake duba lamarin a taron Lambeth na 1988, shekara ɗari cif bayan na farko, ya yarda a yi wa mai mata da yawa baftisma tare da iyalinsa idan a haka bishara ta same shi, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma ikilisiyar wurin ta amince, aka kuma ce kada a tilasta masa korar kowa. Ikilisiyoyi sun bambanta wajen aiki da irin wannan sassauci, amma duk sun haɗu a kan cewa wanda ya ƙara aure bayan baftisma za a sa shi a horo.

Ta ɗaya ɓangaren, mace ta sami abin da ba ta da shi a da. Auren zobe, kamar yadda ake kiransa, ya ba uwargida tabbacin ba za a yi mata kishiya ba, ba kuma za a sake ta da baki ɗaya don an yi fushi ba. Sai dai ƙofar da aka rufe wa miji an rufe wa matar ma. A ƙasar Hausa saki da zawarci da sake aure abu ne da aka saba, kuma hanya ce da mace take kuɓuta daga gidan da ya yi mata zafi. A coci yaji ya rage, amma fita ta yi wuya, a Katolika ma babu ita sam idan auren ya cika sharuɗɗansa. Barbara Cooper, wadda ta rubuta tarihin Kiristocin Maraɗi a 2006, ta nuna yadda batun aure ya zama babban abin jayayya tsakanin SIM da masu bi na Maraɗi da kewaye. Rashin haihuwa ne ya fi gwada wannan koyarwa, domin dangin miji ba sa daina matsa masa ya ƙara aure don kawai an yi masa baftisma.

Batun shugabancin miji bai tayar da ƙura ba, domin ya dace da abin da aka tarar. Maigida maigida ne a gidan Musulmi da na Bamaguje da na Kirista. Wa'azin ɗaurin aure yakan haɗa Farawa sura ta 2 da Afisawa sura ta 5: mata ta yi biyayya, miji ya yi ƙauna irin ta sadaukar da rai. Abin da bai kama ƙasa ba shi ne tsarin da matan Turawa suka zo da shi, na miji mai fita nema da mata mai ɗinki da girki a gida. An koyar da shi a azuzuwan matan ɗalibai a makarantun Littafi Mai Tsarki irin ta Tofa, amma damina ba ta bar shi ya zauna ba. Matar mai bishara ta ci gaba da shuka da roro, domin albashin mijinta bai isa ya ciyar da gida ba. Sauran al'adun aure ma ba su gushe ba. Ana kai gaisuwa, ana biyan sadaki, ana kai lefe da gara, sai dai an ƙara shela a majami'a Lahadi uku a jere don mai magana ya yi magana. Umarnin rabuwa da iyaye kuwa an fassara shi da sauƙi, domin amarya ɗaki ake gina mata a cikin gidan surukai.

Mata sun sami murya ta hanyar Zumuntar Mata. ECWA da cocin Angilikan na Nijeriya ba sa naɗa mace fasto, kuma hujjarsu tana komawa ga labarin halitta ta bakin Bulus, cewa Adamu aka fara yi kuma Hauwa'u aka ruɗa. Duk da haka a ƙauye Zumunta ce ƙungiya mafi ƙarfi. Ranar aure su ne suke shigowa da zane iri ɗaya, ana buga tulu ana girgiza kacau-kacau, su raka amarya da waƙa, su zaunar da ita su yi mata gargaɗi. Su suke tara hatsi don fasto, su suke zuwa biko tare da dattawa, kuma mijin da yake duka ya fi jin tsoron zuwansu a kan wa'azin Lahadi. A cikinsu ne, da kuma tsakanin matan da suka yi ilimi mai zurfi, aka fara matsa wa sura ta 1, ana cewa kamannin Allah na mutum biyu ne, mulkin da aka ambata a sura ta 3 kuwa sakamakon zunubi ne, bai kamata a yi wa'azinsa kamar umarni ba. Masu riƙe da tsohuwar fassara suna amsawa cewa shugabancin Adamu ya riga faɗuwa. Ana jin muryoyin biyu a makarantun tauhidi na Jos da Kagoro, kuma fastocin da ake turowa Jigawa daga irin waɗannan makarantu suke fitowa.

Ta fuskar doka, auren Kirista a Jigawa hawa biyu ne. Wanda aka ɗaura bisa Dokar Aure ta ƙasa, wadda asalinta ta 1914 ce, a majami'a mai lasisi ko a ofishin rajista, na mace ɗaya ne, kuma Babbar Kotu ce kaɗai take raba shi bisa dokar 1970. Amma aure da yawa a ƙauye na al'ada ne da fasto ya sa wa albarka, babu takardar gwamnati. Jihar, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, kuma wannan ya shafi Musulmi ne. Da yake zuriya ɗaya takan ƙunshi Musulmi da Kirista, idan magidanci ya rasu, rabon gona da matsayin gwauruwa da riƙon marayu sukan koma hannun dangi da mai unguwa da dattawan ikilisiya, kuma takardar aure ce take nuna dokar da za a bi idan magana ta kai kotu.