Wasannin da za su zaunar wa yaro da lissafi a ka

Yaranmu da ke tasowa a Sabo Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, da harshe uku suke kwana: Turanci a aji, Yarbanci ko Ibo ko buroka a titi, Hausa a gida. Sau da yawa yaro zai rera maka ƙirga har ɗari da Turanci kamar waƙa, amma ka ce masa bakwai da takwas nawa ne, sai ya hau lanƙwasa yatsu. Abin da nake nufi da zaunar da lissafi shi ne yaro ya ba da amsar ƙananan tarawa da ɗebewa da ninkawa nan take. Haddar baki kaɗai ba ta kawo wannan. Sai hannu ya taɓa abu, ido ya gani, an maimaita har ya bi jiki.

Ni dai inda nake farawa shi ne goma. A samo murfin kwalbar lemo guda goma, ko tsakuwa, ko ƙwallon dabino. Ka dunƙule wasu a hannu, ka baje sauran a tabarma, ka ce nawa na ɓoye? Ya ga shida, dole ya nemo huɗu. Sai ku yi musanya, shi ya ɓoye kai ka canka, wani lokacin ma ka faɗi ba daidai ba da gangan don ya kama ka. Babu abin da ke yi wa yaro daɗi kamar ya gyara wa babba. In ya riƙe abokan goma, wato 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5, to takwas da biyar ba za su ba shi wuya ba: ya ciko goma da biyu, saura uku, sha uku ke nan.

Harshenmu ma yana taimakawa. Tsofaffi kan ce "ashirin ba ɗaya" maimakon sha tara, "talatin ba biyu" maimakon ashirin da takwas. Ɗebewa ce tsaf a cikin magana. Maƙwabtanmu Yarbawa sun fi mu ma, don daga 15 zuwa 19 duk daga ashirin suke ragowa. A riƙa jefa wa yaro irin wannan a hanyar Islamiyya.

Sai ayo, wadda za ka ga dattawan Yarbawa na bugawa a gindin bishiya. Ramuka 12 ne, shida a kowane ɓangare, kowane rami da 'ya'ya huɗu, jimla 48. Jera 'ya'yan kaɗai darasi ne na huɗu-huɗu: 4, 8, 12, har 24 na ɓangarensa. Ba sai an sayi allon ba, a tona ramuka a ƙasa. Darar da muka gada ma haka take: layi biyar sau shida, gida 30, kowa da 'ya'ya 12.

Ludo kuwa, a yi da dayis biyu, a kafa doka: ba mai motsa ɗansa sai ya faɗi jimla kafin ya ƙirga ɗigo. Na san wasu iyaye ba sa son katin Whot a gida saboda kama da caca, kuma ban ga laifinsu ba. A yanka kwali a rubuta 1 zuwa 10, kowa ya buɗe biyu, mai jimla mafi yawa ya kwashe.

Ga 'yan aji biyu da uku, wasan shago ya fi. A yanka takarda a matsayin naira 10, 20, 50 da 100, a sa wa kaya farashi, yaro ya zama mai shago. Ka sayi na 70 ka miƙa ɗari, ya ba ka canji, ya faɗi da Hausa sannan da Turanci, don abin da ya iya a gida ya haɗu da na aji. Minti goma bayan magariba ya isa, kuma a tashi tun yana cewa a ƙara ɗaya.