Daga Agadas zuwa Dirku a jirgin sama: nisa da tsawon tafiya

Mu nan Talaje kullum muna jin rugugin jirage, tunda filin Diori Hamani maƙwabcinmu ne. Watakila shi ya sa masu saurarenmu ke yawan tambaya, musamman masu ƴaƴa a Kawar, soja ne, malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa: in an ce mutum ya tashi daga Agadas zuwa Dirku, awa nawa zai yi a sama? Ga amsar.

Filin Agadas shi ne Mano Dayak, sunan jagoran Abzinawan nan da ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin Disamba 1995. Na Dirku ƙarami ne, yana cikin Kawar, kimanin kilomita 40 arewa da Bilma. Tsakanin filayen biyu, a miƙe, wajen kilomita 560 ne. Don kwatance, Yamai zuwa Agadas a sama kusan kilomita 740 ne, a titi kuwa, ta Doso, Birnin Ƙonni, Tawa da Abalak, ya kai wajen 950.

Lokaci kuma ya danganta da irin jirgin. Ƙaramin mai farfela ɗaya, mai cin kilomita 300 a awa, yana yin kusan awa biyu. Babba mai farfela biyu, wanda ke gudun 450 zuwa 500, awa ɗaya da rabi ta ishe shi, har da tashi da sauka.

To a ƙasa fa? Hanyar ta kai wajen kilomita 650 ta cikin Tenere, kuma ba kwalta. Ƙananan motoci masu ƙarfi kan yi kwana biyu ko uku, galibi cikin rakiyar soji, manyan motocin kaya kuwa sun fi haka. Ayarin raƙuman Abzin da ke bi ta Fashi don ɗauko kantun gishiri da dabino, su makonni suke ƙirgawa. Ko inuwa wuya take: itaciya ɗaya tilo da matafiya suka sani a wannan sahara, mota ta kayar da ita a 1973, gangar jikinta na nan gidan tarihi na Boubou Hama.

Sai dai jama'a, kar awa biyun nan ta ruɗe mu. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe, direban jirgi ba ya ganin fili, sai a ɗage tashi, wani lokaci har kwanaki. Da bazara kuma zafi na rage wa jirgi ƙarfin ɗagawa, shi ya sa ake son tashin sassafe, ake kuma rage kaya. Sannan zuwa Dirku ba kamar tashar mota ba ne da za ka je kawai ka samu wuri: jiragen da ke zuwa can ba su da yawa.

Saboda haka, ƴan uwa na Kwatano, Abijan ko Libiya, in maganar marar lafiya ce ko ta rasuwa, ku fara tabbatar da ranar tashi da kujera kafin ku turo kuɗi. In kuma an ce jirgi bai iso ba, kar hankali ya tashi, a fara tambayar yanayin gari. Allah ya kai kowa lafiya.