Cibiyar Rubin: Gidan da Aka Gina Don Gadin Sama

Ranar 23 ga Yuni, 2025, cibiyar nazarin taurari ta Vera Rubin da ke ƙasar Chile ta nuna wa duniya hotunanta na farko, shekara goma bayan aza harsashinta. Wanda ya san yadda aka faro, shi zai san darajar wannan rana.

Uban tafiyar shi ne Farfesa Tony Tyson na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. Tun ƙarshen shekarun 1990 yake fafutukar a ƙera madubin hangen nesa da zai share sama gaba ɗaya, ya koma ya sake sharewa, domin duk abin da ya motsa ko ya sauya haske a kama shi. A 2003 aka kafa ƙungiyar da za ta ɗauki nauyin aikin, a 2006 aka zaɓi dutsen Cerro Pachón saboda tsayinsa da bushewar iskarsa.

Shekarar 2008 ita ce abin alfaharin wannan gida. Tun gwamnatin Amurka ba ta saki kuɗin gini ba, Charles Simonyi ya ba da dala miliyan 20, Bill Gates ya ba da miliyan 10. Da wannan gudunmawa aka narka gilashi a Jami'ar Arizona, cikin tanda mai juyawa, har narkakken gilashin ya kwanta da loko a tsakiya. Haka aka sami madubi mai faɗin mita 8.4, aka shafe shekaru ana goge shi da haƙuri.

Kyamarar kuwa a cibiyar SLAC ta Kalifoniya aka haɗa ta. Girmanta ya kai ƙaramar mota, nauyinta kusan tan 3, ƙarfinta megafiksel 3,200, babu kamarta a duniya. Idanu masu kama haske 189 aka jera a cikinta, ana sanyaya su zuwa digiri 100 ƙasa da sifiri don kada zafi ya ɓata hoto. Matatan haske shida gare ta, Faransawa ne suka ƙera na'urar da ke musanya su. Annobar korona ta tsayar da aiki a 2020, amma jinkirin bai rage komai ba. A 2024 kyamarar ta isa Chile lafiya. Sunan cibiyar kuma na Vera Rubin ne, matar da bincikenta ya ƙarfafa hujjar cewa akwai abu mai nauyi a sararin samaniya wanda ido ba ya gani.

Me ya shafe mu? A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, maƙwabciyarmu mu mutanen Maradi, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Duwatsun da ke yawo a sama na cikin abin da cibiyar Rubin ke gadi: cikin sa'o'i kamar goma na gwaji kawai, ta gano duwatsun sama sama da 2,000 da ba a san su ba, kuma shekara goma za ta yi tana wannan gadi. Sanarwar abin da ta hango a buɗe take ga kowa ta intanet.

Don haka, matasan Tsibiri, Jiratawa da Maradi, musamman ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ku riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Ƙofar wannan ilimi a buɗe take, ku shiga.