Daga Dandali Zuwa Aji: Tarihin Koyon Rawa a Ƙasar Jama'a da Matsayinsa a Nazarin Rawar Zamani

1.0 Gabatarwa

A makarantun rawa na Turai da Amurka, da wasu na Afirka, ana ɗora koyon rawar zamani ta gwaji a kan ginshiƙai uku. Na farko shi ne sanin jiki, wato mai rawa ya fahimci nauyinsa da numfashinsa da yadda gaɓoɓinsa suke aiki. Na biyu shi ne ƙagen nan-take, wato ya ƙirƙiri motsi yana tsakiyar rawa ba tare da ya shirya shi tun farko ba. Na uku kuwa shi ne tsara rawa, wato a zaɓi motsi, a jera shi, a yi masa mafari da maƙura yadda za a iya maimaita shi. Wannan maƙala ta bi sawun waɗannan abubuwa uku a ƙasar Jama'a, wato Godogodo da Kafanchan da maƙwabtansu a kudancin Jihar Kaduna. Manufarta ita ce ta nuna cewa ginshiƙan nan ba baƙi ba ne a yankin. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wurin da ake koyon rawa da kuma wanda yake da iko da ita.

2.0 Tushen Rawar Gwaji

Rawar zamani ta taso ne a farkon ƙarni na 20 a matsayin bijirewa ƙa'idojin rawar bale ta fadojin Turai. Isadora Duncan ta yar da matsattsun takalma ta taka rawa da ƙafa tsirara. Martha Graham, wadda ta kafa ƙungiyarta a 1926, ta gina salonta a kan tsukewar ciki da sakinsa, kamar yadda numfashi yake fita yana shiga. A 1928 Rudolf Laban ya buga hanyarsa ta rubuta motsi da alamomi. Merce Cunningham ya riƙa jefa kwabo don ya zaɓi motsin da zai biyo wani. A 1962 wasu matasa suka fara gwaje-gwaje a cocin Judson da ke birnin New York, inda suka ɗauki tafiya da zama da gudu a matsayin rawa. Ɗaya daga cikinsu, Steve Paxton, ya fito a 1972 da salon da mutum biyu suke jingina da juna, kowa yana karɓar nauyin ɗan'uwansa.

A Afirka kuwa, Shugaba Senghor da Maurice Béjart sun buɗe makarantar Mudra Afrique a Dakar a 1977, Germaine Acogny ta shugabance ta. Daga baya ita Acogny ta kafa École des Sables a Toubab Dialaw, inda ake haɗa raye-rayen gargajiya da wannan sabon salo.

3.0 Jiki da Rawa Kafin Zuwan Turawa

Shaida mafi daɗewa a kan yadda mutanen wannan yanki suka lura da jikin ɗan'adam ita ce mutum-mutumin yumɓu na Nok. An fara tsintar su a 1928 wajen haƙar kuza. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai na yumɓu da aka tono kusa da Jama'a, bayan an yi amfani da shi wajen korar tsuntsaye a gona. Wasu daga cikin siffofin suna durƙushe, wasu suna zaune sun ɗora haɓa a kan gwiwa. Waɗannan ba hujjar rawa ba ce kai tsaye, amma suna nuna cewa fiye da shekara 2000 da suka wuce an san ma'anar tsayuwa da zama da karkatar jiki.

A tsakanin Atyap da Bajju da mutanen Kagoro, ƙungiyar asiri ta maza da Hausawa suke kira dodo ita ce take shigar da yara maza cikin manya. A irin wannan tarbiyya da bukukuwan farauta da na kaka ne yaro yake koyon taku, ta hanyar kallo da kwaikwayo, ba tare da wani ya zaunar da shi ya yi masa bayani ba.

Bayan kafuwar masarautar Jama'a a wajajen 1810, Hausawa da Fulani sun zauna a Jama'ar Dororo da nasu al'adun. A nan ne A.J.N. Tremearne ya yi aiki a 1908 zuwa 1909, ya tattara yawancin abin da ya buga a kan mutanen Kagoro a 1912 da kuma al'adun Hausawa a 1913. Biyu daga cikin waɗannan al'adu sun cancanci a tsaya a kansu. A bori, kowane iska yana da kiɗansa da motsinsa. Kuturu yana naɗe yatsu yana jan gindi, Ɗangaladima yana taƙama irin ta 'ya'yan sarauta. Ɗan bori sai ya shiga girka kafin ya iya yin jifa, wato ya yi tsalle ya faɗo da mazaunai ba tare da ya ji ciwo ba. Wannan horo ne na sanin jiki, kuma motsin kowane iska tsararre ne. A gaɗa kuwa, 'yanmata suna yin da'ira suna tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta yi nata salon, sannan ta saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama. Amincewa da karɓar nauyi, waɗanda Paxton ya mayar darasi, su ne ƙashin bayan wannan wasa.

4.0 Kuza da Jirgin Ƙasa da Mishan

Abubuwa uku ne suka sauya dandalin rawa a zamanin mulkin mallaka. Na farko haƙar kuza, wadda ta bunƙasa Godogodo ta jawo leburori daga wurare daban-daban, musamman a lokacin aikin tilas na 1942 zuwa 1944. A barikin kuza Hausa ce harshen ciniki da hira, kuma masu kalangu da goge sukan bi ranar biyan albashi. Na biyu jirgin ƙasa. Da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, ma'aikata daga kudancin Nijeriya suka zo da ƙungiyoyinsu da kiɗe-kiɗensu. A waɗannan wurare rawa ta rabu da lokacin shuka da girbi, ta koma abin nishaɗi da neman kuɗi. Wanda ya shiga fili a gaban baƙin da ba su san ma'anar takunsa ba, dole ya ƙago abin da zai burge su. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Na uku shi ne mishan. 'Yan mishan na SIM sun sauka Kwoi a 1910, suka buɗe Kagoro a 1927. Sun hana mabiyansu shiga dodo da raye-rayen da ke tattare da shi. Sai dai rawar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka shigar da kiɗan tulu da rausaya da takun jeri cikin coci, suna waƙa da Hausa. Haka kuma a zamanin Sarkin Kagoro Gwamna Awan aka tsayar da bikin Afan a ranar 1 ga Janairu, ya zama taron kowa da kowa. Bikin Tuk Ham na Kwoi ma ya bi irin wannan hanya daga baya.

5.0 Gwamnati da Jami'a

Bayan yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta fara bikin fasaha na ƙasa a 1970, sannan aka yi FESTAC a 1977, inda Kaduna ta karɓi hawan daba. Gasa ta zo da sharuɗɗanta: mintoci ƙayyadaddu, shiga da fita a jere, tufafi iri ɗaya, fuska tana kallon alƙalai. Rawar da'ira ta koma rawar sahu. Rawar koroso ta Kano, wadda aka harhaɗa daga raye-raye daban-daban a shekarun 1970, misali ce ta nasarar wannan tsari. Amma ribar da tsara rawa ta samu, asara ce ga ƙagen nan-take, domin mai rawar da ya kauce wa abin da aka shirya yana jawo wa ƙungiyarsa faɗuwa.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aka fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975 a ƙarƙashin Michael Etherton, a wani gidan wasa na ginin ƙasa da Steven Ehrlich ya zana bisa fasalin gidan Bahaushe. Tsarin Zariya ya dogara ne da ƙage: ɗalibai su shiga ƙauye, su saurari matsalolin mutane, su gina wasa ba tare da rubutu ba. A Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta jami'ar ne Peter Badejo ya yi aikin tsara raye-raye kafin ya koma Ingila ya kafa Badejo Arts a 1990. Ke nan a Zariya ne ginshiƙan uku suka fara haɗuwa a matsayin darasi a arewacin Nijeriya, amma da Ingilishi ake bayanin darasin.

6.0 Giɓin Kalmomi

Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi masana harshe. Hausa ba ta rasa kalmomin motsi ba. Akwai rausaya da rangaji da karairaya da girgiza da juyi da taku da cashewa da tiƙa, kuma kowace da iyakarta. Rausaya daga ƙugu zuwa sama take, cikin natsuwa. Tiƙa kuwa a ƙafa take, da ƙarfi. Rangaji yana nuna lanƙwasa irin ta reshe a iska. Abin da ya rage shi ne a tattara su, a fayyace gaɓar da kowace ta shafa da saurinta da nauyinta, sannan a gwada su da takwarorinsu na Tyap da Jju da Hyam da sauran harsunan yankin. Idan ba a yi haka ba, ɗalibi zai ci gaba da ɗaukar abin da aka koya masa a aji a matsayin ilimi, abin da kakarsa take yi a dandali kuwa a matsayin wasa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda koyon rawa a ƙasar Jama'a ya tashi daga dodo da bori da gaɗa, ya ratsa barikin kuza da coci, ya isa fagen gasa da ajin jami'a. A kowane mataki wani ginshiƙi yakan ƙarfafa, wani ya raunana. Ilimin rawa a jikin mai shi yake zaune, kuma a dandali ake miƙa shi. Rikicin Kafanchan na 1987, da hare-haren da aka kai Godogodo a 2016 tare da dokar hana fita da ta biyo baya, sun nuna yadda dandali yake iya rufewa cikin dare ɗaya. Saboda haka ɗaukar raye-rayen yankin a bidiyo, tare da rubuta sunayen motsinsu daga bakin tsofaffin da suka iya su, aiki ne da ya rataya a wuyan sassan harsuna da na wasan kwaikwayo baki ɗaya, tun masu ilimin suna raye.