Daga Haruffa Masu Ƙugiya Zuwa Buɗaɗɗiyar Manhaja: Tarihin Shigar Hausa Cikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Manazarta tarihin rubutun Hausa sun fi mayar da hankali a kan zango biyu, wato zuwan ajami ta hannun malamai da zuwan boko ta hannun Turawa. Akwai zango na uku wanda bai sami irin wannan kulawa ba, shi ne shigar Hausa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda aka fi sani da kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan zango, tare da fito da rawar da buɗaɗɗiyar manhaja ta taka a cikinsa. Za a duba yadda al'adar fitar da manhaja da sanar da ita da tattaunawa a kanta ta samo asali, da yadda ta iso ƙasar Hausa, sannan a waiwayi garin Doma na Jihar Nasarawa domin a ga inda aikin ya tsaya.

2.0 Ma'anar Buɗaɗɗiyar Manhaja da Asalinta

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta yi wani aiki. Kowace manhaja tana da tushe, wato ainihin rubutun da maginanta suka yi da hannunsu kafin a juya shi zuwa abin da na'ura ke fahimta. Idan kamfani ya ɓoye tushen ya sayar da abin da aka juya kawai, manhajar rufaffiya ce. Idan kuwa aka bayyana tushen, aka kuma ba kowa izinin karanta shi da gyara shi da raba shi, to ita ce buɗaɗɗiya.

A ranar 27 ga Satumba 1983 ne Richard Stallman ya sanar a Amurka cewa zai gina tsarin GNU, wanda kowa zai iya ɗauka ya gyara. A 1989 ya fito da lasin GPL, wanda ya shar'anta cewa duk wanda ya gyara manhaja ya kuma raba ta, wajibi ne ya bayyana tushen gyaran nasa. A ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai suna Linus Torvalds ya sanar da abokan sana'arsa cewa yana gina wani tsari don sha'awa, ya kuma nemi ra'ayinsu. Fitowar farko ta Linux ta ɗauki lamba 0.01, ba ta kai lamba 1.0 ba sai a watan Maris 1994.

Waɗannan lambobi suna da ma'ana a wurin masu wannan sana'a. Kamar yadda littafi ke da bugu na ɗaya da na biyu, haka manhaja ke da fitowa bayan fitowa. Kowace fitowa tana tafe da sanarwa mai bayyana abin da aka ƙara, da kurakuran da aka gyara, da waɗanda suka rage, da sunayen masu hannu a aikin. Da zarar sanarwa ta fita sai masu amfani su gwada, su kawo ƙorafi ko gyara, a tattauna, a shigar da abin da aka amince da shi cikin fitowa ta gaba. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san tarihin karatu a ƙasar Hausa. Almajiri kan kwafi littafin malaminsa da hannu, ya rubuta sharhi a gefen shafi, wani ya kwafa daga gare shi har da sharhin, a kuma kiyaye sunan mawallafi da silsilar waɗanda aka karɓa daga hannunsu.

3.0 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Tun kafin kwamfuta, rubutun boko ya sha fama da sautukan da babu su a Ingilishi. A ƙa'idojin da Hanns Vischer ya fitar a 1912 da rubuce-rubucen da suka biyo baya, ana nuna waɗannan sautuka da ɗigo ko da wata 'yar alama a jikin harafi. A shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta rungumi haruffan ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a watan Janairu 1939, ta yaɗa su. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun ƙara tabbatar da su, ko da yake Nijeriya ta ci gaba da rubuta 'y, Nijar kuwa tana rubuta ƴ.

Amma tabbatar da harafi a taro daban, samunsa a jikin na'ura daban. Yawancin kekunan rubutu na ofisoshi ba su da waɗannan haruffa, sai mai buga takarda ya gama ya bi da alƙalami yana sa ƙugiya. A shekarun 1980 an tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, da taimakon Bajamushen nan mai zanen haruffa Hermann Zapf, sai dai ba su game ko'ina ba. Da kwamfuta ta shigo jami'o'i sai matsalar ta sake sabon salo. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya zana haruffan kwamfuta masu ƙugiya, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, kuma sun yi wa marubuta da maɗaba'o'in Kano amfani ƙwarai. Irin waɗannan haruffa na wancan zamani suna da rauni guda: sukan ari gurbin wata alama ne su zauna a ciki. Saboda haka idan aka kai rubutun wata kwamfutar da ba ta da su, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su zama wasu alamomi marasa ma'ana.

Maganin wannan ya zo ne daga tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya kuma ba kowane harafi lamba tasa ta dindindin. Haruffan Hausa masu ƙugiya suna ciki tun daga fitowarsa ta farko-farko, amma an ɗauki shekaru kafin a sami kyawawan haruffa da allunan bugu masu aiki da su. A nan ne buɗaɗɗen aiki ya fara nuna amfaninsa. A 2005 ƙungiyar SIL ta fito da lasin buɗaɗɗun haruffa, ta saki Gentium a ƙarƙashinsa, daga baya Charis da Doulos suka bi. Ajami ma bai tsira daga wannan alheri ba: a 2017 an saki haruffan Alkalami, waɗanda aka zana bisa salon rubutun hannu na Kano, sannan fitowar Unicode ta 13, a 2020, ta ƙara wasu haruffan Larabci da ake buƙata wajen rubuta Hausa.

4.0 Rufaffiya da Buɗaɗɗiya a Nijeriya

Shekarun 2000 sun ga yunƙuri iri biyu. A ɓangaren kamfanoni, Microsoft ya fitar da fuskar Windows da Hausa da Igbo da Yarbanci, Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamba 2013, Facebook kuma ya fito da fuskarsa ta Hausa a 2016. Waɗannan ayyuka sun kai Hausa ga jama'a masu yawa, sai dai tushensu yana hannun masu su. Malamin da ya ga kalmar da aka fassara ba daidai ba, iyakarsa ya kai ƙorafi ya jira.

A ɗaya ɓangaren, an yi yunƙurin fito da Linux cikin manyan harsunan Nijeriya uku da sunan Wazobia Linux, amma bai yi tsawon rai ba. A 2007 shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta ya gwada na'urorinsa, masu aiki da Linux, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. A cikin shekarar ce kuma kamfanin Lancor, mai allon bugu na Konyin, ya kai shirin ƙara a kotu a Legas, bisa zargin an kwaikwayi tsarin allonsa. Wannan shari'a ta fito da wata tambaya a fili, wato wane ne ke da mallakar hanyar da ake buga haruffan harshen al'umma. Darasin da aka koya daga wannan zamani shi ne, bayyana tushe kaɗai ba ya raya manhaja. Sai an sami jama'a masu karanta sanarwa, masu gwadawa, masu kawo gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 Zamanin Taskokin Harshe

Irin wannan jama'a ta fara samuwa sosai daga 2019, lokacin da matasan Afirka masu nazarin harshe da kwamfuta suka kafa ƙungiyar Masakhane. A wannan zango abin da ake fitarwa ya wuce manhaja kaɗai, ya haɗa da taskokin jimloli da muryoyi waɗanda ake koya wa na'ura harshe da su. A 2021 aka fitar da MasakhaNER, taskar da aka yi wa sunayen mutane da wurare da hukumomi alama a cikin harsunan Afirka 10, har da Hausa. A watan Yuli na shekarar, shirin Common Voice na Mozilla ya sa Hausa cikin taskar muryoyinsa, wadda 'yan sa-kai ke karanta jimloli suna bayarwa kyauta. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, mai ɗauke da dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Igbo da Yarbanci da Burokan Ingilishi, an rarrabe su bisa yabo da suka da tsaka-tsaki. Aikin ya faɗaɗa a 2023 ya zama AfriSenti mai harsuna 14. Ƙungiyar HausaNLP ta tsiro ne a cikin wannan yanayi.

Wani abin da ya faru a wannan zamani ya nuna nauyin lasi. Taskar JW300, wadda aka fitar a 2019 daga fassarorin wata ƙungiyar addini, ta zama ginshiƙin gwaje-gwajen fassara na harsunan Afirka da dama. Daga baya aka janye ta saboda masu haƙƙin rubutun ba su ba da izini ba, ayyukan da aka ɗora a kanta kuma suka shiga tsaka mai wuya. Wanda ya hau dokin aro, duk inda mai shi ya tsayar da shi nan zai sauka.

Akwai kuma matsalar da ta shafi masana harshe kai tsaye. Yawancin rubutun Hausa da ake tsinta a intanet ba shi da ƙugiya. A cikinsa kafa da ƙafa ɗaya ne, haka baki da baƙi, da bari da ɓari, da daka da ɗaka. Ga kuma haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Na'urar da ta koyi Hausa daga irin wannan rubutu, shi za ta mayar wa ɗalibai a matsayin daidai. Hukuncin ko a gyara ƙugiya kafin a saki taska, ko a ɗauki 'y ko ƴ, ko wace kalma za a sa wa wani sabon abu, duk a cikin tattaunawar fitowa ake yanke shi. Aikin da Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano suka saba yi a zauren taro, wani sashensa ya koma can.

6.0 Waiwaye Daga Doma

Doma gari ne na Alago a kudu maso yammacin Lafiya, mazaunin Andoma, a cikin Jihar Nasarawa wadda aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba 1996. Harshen Alago ɗan uwan Idoma ne, ba shi da dangantakar asali da Hausa, amma Hausa ce harshen cuɗanya a kasuwa da tasha tsakanin Alago da Eggon da Migili da Tibi da Fulani. Wannan yanayi ya fito da giɓi biyu.

Na farko, Hausar da ake ji a irin wannan wuri ba ta Kano ba ce. Masu ita a matsayin harshe na biyu sukan sassauta bambancin jinsi, sukan kuma furta ƙ kamar k. Taskar murya da aka tara daga bakin Kanawa da Zazzagawa kaɗai za ta horar da na'urar da za ta riƙa tuntuɓe da maganar manomin doya na Doma. Tun da taskar buɗaɗɗiya ce, ƙofar shigar da muryarsa ba a kulle take ba.

Na biyu, su kansu Alago da Eggon da Gwandara, wadda ita ce mafi kusancin dangi da Hausa, ba su cikin manyan taskokin da aka ambata a sama. Abin da Hausa ta ɗauki shekaru tana nema, wato haruffa da allon bugu da lasi, yanzu yana nan a shirye ga kowane harshe. Manhajar Keyman, wadda SIL ta mallaka a 2015 ta kuma buɗe tushenta daga baya, tana ba da damar tsara allon bugu na kowane harshe ba tare da neman izinin kamfani ba. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda ta fara aiki a 2011, tana kusa da waɗannan al'ummomi fiye da kowace cibiyar nazari ta Kano ko Zariya.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Hausa ta taso daga ƙugiyar da ake sawa da alƙalami, ta bi ta haruffan aro na shekarun 1990, ta kai ga lambobin Unicode da buɗaɗɗun taskoki. A kowane mataki, abin da ya ɗore shi ne wanda aka bar wa jama'a su kwafa su gyara. Saboda haka akwai buƙatar sassan harsunan Nijeriya su ɗauki sanarwar fitowar manhaja da ta taska da muhimmancin da suke ba sabon ƙamus: a karanta, a auna da ƙa'idojin rubutu, a mayar da gyara a rubuce. Haka kuma kundayen digiri da jerin kalmomi da kaset-kaset na karin harshe da ke ajiye a ɗakunan karatu, ya dace a nemi izinin masu su a sake su da lasin da ya bayyana. Idan masana ba su halarci wannan tattaunawa ba, ba za a dakatar da fitowa ta gaba don jiransu ba.