Ɗakin Gawayin da Henry Ford Ya Mayar Maƙera

A ƙarshen shekarar 1893 wani ma'aikacin kamfanin wutar lantarki ya kama hayar gida mai lamba 58 a titin Bagley, cikin birnin Detroit na ƙasar Amurka. Gidan na iyali biyu ne, kowa da ɓangarensa. A bayansa akwai wani ɗan ɗaki na jan bulo da aka gina don ajiyar itace da gawayin kwal saboda hunturu, shi ma rabi da rabi tsakanin 'yan hayar biyu. Sabon ɗan hayar, Henry Ford, mai shekara 30, bai zuba gawayi a nasa rabin ba. Teburin aiki ya kafa, ya ɗaure bais, ya jera magagari da sifana da guduma. Maƙwabcinsa, wani dattijo, da ya ga abin da ake yi sai ya kwashe nasa gawayin ya bar masa ɗakin baki ɗaya, ya koma ɗan kallo.

Amurkawa suna matuƙar son labarin ɗakin nan. Yadda suka fi bayar da shi, wai wani ɗan manomi ne ya kulle kansa a bayan gida shi kaɗai, ya fito da mota. Shi kansa Ford ya taya su yaɗa shi, domin a 1933, bayan ya zama hamshaƙin attajiri, ya sa an gina kwafin ɗakin a gidan tarihinsa na Greenfield Village da ke Dearborn. Ainihin wurin kuwa tuni aka rushe shi, aka gina katafaren gidan sinima a 1926, daga baya kuma aka mayar da sinimar wurin ajiye motoci. To amma idan aka bi abin da ya shiga ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi daga ina kowanne ya fito, za a tarar ɗakin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lamarin.

Abin da ya fara shiga dai hannu ne da ya riga ya faɗa. An haifi Ford a 1863, ya bar gonar mahaifinsa a 1879 yana ɗan shekara 16, ya tafi Detroit koyon aikin ƙarfe. A masana'antar 'yan'uwan Flower ana biyansa dala 2.50 a mako, alhali kuɗin kwana da abinci dala 3.50 ne, sai ya riƙa cike giɓin da gyaran agogo da daddare. Daga nan ya koma kamfanin Detroit Dry Dock, inda ake ƙera injinan jiragen ruwa. Bayan haka ya yi wani lokaci yana zagaya gonaki yana gyara injinan tururi na kamfanin Westinghouse. Wato kafin ya buɗe ƙofar ɗakin gawayin nan ya shafe shekaru da dama yana shan ƙurar ƙarfe a wuraren wasu.

Sai kuma aikin albashi, wanda masu ba da labarin kan tsallake. Ford ya shiga kamfanin lantarki na Edison da ke Detroit a 1891, ya zama babban injiniya a 1893. Muƙamin ya zo masa daidai wuya: ana iya kiransa dare ko rana idan wuta ta sami matsala, amma muddin injina na tafiya lafiya, lokacinsa nasa ne. Daga albashin nan yake sayen ƙarfe da noti da kusoshi. A tashar wutar akwai ɗakin aiki da kayan da suka fi ƙarfin aljihunsa, akwai kuma tarkacen da aka yar. Bai tsaya nan ba, ya karɓi koyar da aikin injina da daddare a makarantar ƙungiyar YMCA, inda nan ma akwai injinan da zai iya sarrafa ƙarfensa a kai. Mai iyali da ya zuba duk rarar albashinsa a tarkacen ƙarfe, ba kowace mace ce za ta jure masa ba. Matarsa Clara ta jure, har ta sa hannu.

Yadda iyalin suka riƙa ba da labari, a daren jajiberin Kirsimeti na 1893 Ford ya shigo ɗakin girki da wani ɗan inji mai silinda ɗaya da ya yanko daga bututun gas. Ya ɗaure shi a wurin wanke-wanke, ya jawo waya daga wutar gidan don samun tartsatsi, ya ce wa Clara ta riƙa ɗiga fetur shi kuma yana juya ƙafar injin. Jaririnsu Edsel, wanda bai cika wata biyu ba, yana barci a ɗaki na kusa. Injin ya yi tari, ya kama, ya cika wurin da hayaƙi. Ɗan lokaci kaɗan ya yi aka kashe shi, amma ya isa shaida.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wancan zamani babu shagon kayan gyaran mota ko ɗaya a Detroit, tun da babu motar da za a gyara. Ba inda za ka je ka ce a ba ka fistin ko filogi ko kabureta. Abin da kake so, kai za ka ƙera shi. Shi ya sa a irin waɗannan ɗakuna babu abin da ya kai injin sassaƙar ƙarfe daraja. Inji ne da ke damƙe guntun ƙarfe yana juya shi, mai aiki kuma ya kanga masa kaifi yana fere shi kaɗan-kaɗan har ya kai kaurin da ake so. Da shi ake daidaita cikin silinda, a fere fistin ya shiga cif, a yi wa noti zare. Guduma da uwar maƙera suna ba ƙarfe siffa, amma ba sa ba shi awo, inji mai ƙona fetur kuwa ba ya yafe kuskuren awo: fistin ya yi sako-sako ƙarfi ya zurare, ya yi tsauri ya cije. Gyaran agogon da Ford ya yi don biyan kuɗin masauki a nan ya yi masa rana.

Sauran kayan tsince-tsince ne. Silinda biyu na motar daga bututun hayaƙin wani tsohon injin tururi aka yanko su. Tayoyi huɗu irin na keke ne, domin a lokacin keke ne ke tashe a Amurka, masana'antunsa sun wadata kasuwa da taya da sarƙa da bututu marar nauyi. Ƙararrawar ƙofar gida ce ta zama hon. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda ake mayar da gawar wani inji hanjin wani, ya san dabarar.

Maganar kaɗaici kuwa ba ta taso ba. Cikin ɗalibansa na dare akwai Oliver Barthel, wanda ke aiki da injiniya Charles Brady King, shi ne kuma ya nuna masa bayanin wani injin fetur da mujallar American Machinist ta buga, wanda Ford ya ɗora injin motarsa a kai. King ne ya fara tuƙa mota a titunan Detroit ranar 6 ga Maris 1896, Ford na biye da shi a kan keke. Maimakon kishi, King ya taimaka masa da kayan haɗi. Abokan aikinsa na kamfanin Edison su ma suna zuwa bayan an tashi: George Cato ya taimaka wajen haɗa wutar injin, David Bell maƙeri ne da ya sarrafa ƙarafa da dama, ga James Bishop, ga Edward Huff.

Abin da suka haɗa ya kai nauyin kilo 230 ko ƙasa kaɗan, ƙarfinsa na doki 4. Giya biyu gare shi, ɗaya mil 10 a awa, ɗaya mil 20, babu ta komawa baya. Sanda ce a madadin sitiyari, tankin fetur kuma yana ƙarƙashin kujera. Ford ya raɗa masa suna Quadricycle. Kafin asubar 4 ga Yuni 1896, ana yayyafi, aka gama ɗaure noti na ƙarshe, sai a lokacin aka lura motar ta fi ƙofa faɗi. Mutumin da ya auna fistin da kyau bai auna ƙofar ɗakin gawayi ba. Ya ɗauki gatari ya fasa bangon gidan haya, aka turo ta waje. Clara na tsaye da laima, Bishop ya hau keke ya yi gaba don gargaɗin masu keken doki. Ba su yi nisa ba wani ɗan ƙarfe ya saki, motar ta mutu kusa da otal ɗin Cadillac. Ina aka je neman abin gyara? Tashar wutar Edison.

Ba Ford ne farau ba, ba kuma shi kaɗai ya bi ta bayan gida ba. Tun 1882 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka mayar da ɗakin lambun gidan Daimler a Cannstatt ta Jamus wurin aiki. Ɓoye sirrinsu ya kai har mai kula da lambun ya zaci jabun kuɗi suke bugawa, ya kawo 'yan sanda, ba su tarar da komai ba sai kayan aiki da sassan inji. Su biyun sun fito ne daga babban kamfanin injina na Deutz, da ƙwarewarsu da kuɗin Daimler. A Milwaukee ma, rumfar katakon da William Harley da 'yan'uwan Davidson suka fara haɗa babura a cikinta wajen 1903 ƙafa 10 ce a 15, amma babban wan 'yan Davidson ɗin shugaban ɗakin kayan aiki ne a ma'aikatar jirgin ƙasa ta garin, can ake sarrafa sassan da rumfar ba za ta iya ba.

Ford ya sayar da Quadricycle dala 200 don ya sami na ƙera ta biyu, sai a 1904 ya sake sayenta dala 65. Ya ajiye aikin Edison a 1899, masu kuɗi suka kafa masa Detroit Automobile Company. A nan ne halin ɗakin bayan gida ya zame masa cikas. A can, in abu bai yi maka ba sai ka kwance ka sake, ba mai jiranka. A masana'anta kuwa leburori na zaune ana biyansu, masu jari na jiran abin sayarwa, shi kuma bai daina kwancewa da sakewa ba. Kamfanin ya rushe a farkon 1901. Kamfani na biyu da aka kafa masa ma bai daɗe a ciki ba: masu jarin suka kawo Henry Leland, dattijon da ya ƙware a masana'antun bindigogi da na kayan awo, Ford ya yi fushi ya fita a 1902, kamfanin ya koma Cadillac.

Da aka kafa Ford Motor Company ranar 16 ga Yuni 1903 da tsabar kuɗi dala 28,000, ginin da suka kama a titin Mack wurin harhaɗawa ne kawai. Injin da giya da sandunan ƙafafun motocin farko daga ma'aikatar 'yan'uwa biyu, John da Horace Dodge, ake kawo su, bisa kwangilar saiti 650. Gangar jiki da tayoyi kuma daga wasu masana'antun.